Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Mai Gyara Yake Karɓar Wani Fiyano Ya Ƙi Wani?

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya a wannan wata sun karkata ga magana ɗaya, wato yadda masu gyaran fiyano suke zaɓen aikin da za su taɓa, da kuma irin matsayin da suke bai wa sunan kamfani wajen wannan zaɓe. Ba abin mamaki ba ne, domin tun da aka kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, aka kuma kafa Hukumar Kiɗa a ƙarƙashinta a 2020, fiyano ya ƙara shiga makarantu da otal-otal da gidajen mutane, alhali masu iya buɗe cikinsa ba su yawaita yadda ya yawaita ba. Na taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Jikata tana koyon fiyano, sai na saya mata wani tsoho na tsaye a haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya, katakonsa mai kyau da sassaƙa, an ce mini ƙirar Ingila ne. Mai gyara na farko da na kira ya tambaye ni sunan kamfanin ta waya, da na faɗa masa sai ya ce ba ya taɓa irinsu. Na biyu ya zo har gida, ya buɗe, ya duba, ya karɓi kuɗin zuwansa, sannan ya ce ba zai saita shi ba. Shin wannan ba raini ba ne don sun ga kayan ba mai tsada ba ne? Daga wata Hajiya, unguwar Hindawiyya, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya jika ya sanya albarka a karatunta. Mutanen nan biyu ba abu ɗaya suka yi miki ba, kuma zai fi kyau a raba hukuncinsu. Na farko bai kyauta ba. Ba a cinikin biri a sama, kuma sunan da aka rubuta a goshin fiyano ba ya gaya wa kowa halin da cikinsa yake ciki bayan shekaru masu yawa. In ma ba ya son aikin, abin da ya kamace shi shi ne ya nemi ki ɗaga murfin sama ki aiko masa da hoto, ya faɗa miki dalilinsa, ko ya haɗa ki da wanda yake yin irin wannan aiki. Na biyun kuwa, ina kyautata zaton ya cece ki daga asara ne, sai dai ya gaza wajen yi miki bayani, kuma wannan gazawa ita ce ta sa ƙin nasa ya yi kama da raini.

Ga abin da mai gyara yake dubawa idan ya buɗe tsohon fiyano. A cikinsa akwai wayoyin ƙarfe kusan 230, kowace an ɗaure ta tamau, kuma idan aka haɗa ƙarfin da suke ja da shi gaba ɗaya yakan kai tan 18 zuwa 20. Kowace waya tana naɗe a jikin ƙusar saiti, ƙusar kuma an kafa ta ne a cikin wani katako mai tauri da aka yi da falle-falle aka manne. Babu abin da yake hana ƙusar juyawa baya sai matsewar wannan katako. Idan ya tsufa, ko ya sha bushewa da danshi har ramukansa suka buɗe, ko ya tsage ta ciki, to duk gwanintar mai saiti ba za ta yi amfani ba: zai ja waya ta kai muryarta, ya saki makullin da yake juya ƙusar da shi, ƙusar ta sulale ta koma. Wani lokaci ma saitin yakan tsaya har mai gyara ya fita, amma kafin mako ya zagayo ya rushe, sai mai gida ya ce an cuce shi. Shi ya sa mai gyaran kirki yake fara gwada ƙusoshin da makullinsa kafin ya yi alkawarin komai. Akwai dabarun ceto, kamar sa ƙusoshi masu kauri kaɗan ko ɗura wani siririn gam a gindinsu, amma idan katakon ya tsage sai an canza shi, kuma a fiyanon tsaye kuɗin wannan aiki yakan wuce darajar kayan nesa ba kusa ba.

Sai kuma firam ɗin ƙarfen zubi da yake ɗauke da nauyin wayoyin. Tun 1825 Alpheus Babcock ya yi rajistar firam na ƙarfe guda a birnin Boston na Amurka, amma an daɗe bayan haka ana ƙera fiyano mai arha da firam na katako ko na ƙarfe wanda bai rufe ko'ina ba. Irin waɗannan da yawa ba su jure a ja su zuwa muryar da duniya take amfani da ita yanzu, wadda aka tsayar a kan girgiza 440 a daƙiƙa. Idan kuwa an ga tsaguwa a jikin firam, ni ma ba zan ɗora makulli a kansa ba ko nawa za a biya ni, domin ƙara masa nauyi haɗari ne ga kayan da kuma wanda yake tsaye a gabansa.

Abin da kika ce na sassaƙa da ƙirar Ingila ya sa nake zaton naki yana cikin wani jinsi da aka ƙera da yawa a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wanda 'yan ulun da suke kashe amonsa suke sama da gudumomin da suke bugun wayoyi, aka jera wasu dogayen wayoyi a gaban injin da yake haɗa maɓallai da gudumomin. Waɗannan wayoyi suna tare hannun mai saiti, sannan ko an gama aiki amon ba ya yankewa sarai idan an saki maɓalli, sai sauti ya riƙa bin sauti. Masu gyara da yawa a Turai da Amurka ma ba su karɓarsu. A nan Jidda kuma akwai ƙarin matsala, wato iskar teku mai gishiri da take sa wa wayoyi tsatsa. Waya mai tsatsa tana iya tsinkewa da an taɓa ta, kuma manyan wayoyin ɓangaren hagu, masu naɗin tagulla, ba a samunsu a kanti. Sai an auna an aika ƙasar waje an naɗo daidai da tsohuwar. Mai gyara yana lissafa wannan duka, yana kuma tunanin wa zai biya idan uku ko huɗu suka tsinke a hannunsa.

Shawarata ita ce ki sake kiran na biyun, tunda ya karɓi kuɗin dubawa, ki ce masa ya faɗa miki abin da ya gani filla-filla: ƙusoshi ne, firam ne, tsatsa ce, ko gara da asu ne suka ci katako da ulu. Wannan bayani haƙƙinki ne, shi kika biya. Idan ƙusoshin suna riƙewa kuma firam lafiya, ana iya saita shi a muryar da yake a kai ba tare da an ja shi sama ba, ya yi amfanin wasa a gida. Amma ga yarinya mai koyo ba na son haka, domin kunnenta zai saba da muryar da ta saɓa wa ta makaranta, yatsunta kuma su saba da maɓallan da ba su amsawa daidai. Yara da yawa sun bar koyo suna ganin su ne ba su iya ba, alhali kayan ne ya hana su.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni matashi ne, ina koyon wannan sana'a a hannun wani maigida a Riyad. Shi ba ya karɓar aiki sai na Steinway da Yamaha da Kawai da manyan kamfanonin Jamus. Idan aka kira shi a kan fiyanon Sin sai ya ce ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin su ne suka fi yawa a gidaje da makarantu. In na tsaya da ƙafata, in bi hanyarsa?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka wannan sana'a. Ka riƙe girman maigidanka, ka kwashi duk abin da hannunsa ya sani, amma a wannan magana kada ka bi shi.

Zan fara da ba shi gaskiyarsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana aiki, wanda otal da ɗakin taro suke jiransa, yana da ikon ya taƙaita aikinsa ga abin da ya fi ƙwarewa a kai. Kuma gaskiya ne kayan da aka ƙera da kyau yana da daɗin aiki: ƙusarsa tana juyawa sumul ta tsaya inda aka ajiye ta, ma'aunan injinsa a rubuce suke, kayan gyaransa suna samuwa, kuma idan ka ba shi awa uku za ka ji sakamakon awa ukun a kunnenka. Akwai kuma fiyano mai arha da aka haɗa da ɗanyen katako da ulu marar kyau, wanda kana gyara nan can yana kwancewa. Wannan ba ƙage ba ne. Kuskuren shi ne a ɗauka sunan ƙasa ko na kamfani ne yake raba waɗannan biyun.

Ka dubi yadda sunayen suka cakuɗe a yau. Kamfanin Steinway, wanda aka kafa a New York a 1853, yana sayar da fiyano mai suna Boston, kuma Kawai ne yake ƙera shi; yana sayar da mai suna Essex, kuma masana'antar Pearl River ta birnin Guangzhou a ƙasar Sin ce take ƙera shi. Ita Pearl River ɗin, wadda aka kafa a 1956, ita ce ta fi kowace masana'anta a duniya yawan fiyanon da take fitarwa, kuma a 2016 ta sayi mafi yawan hannun jarin Schimmel na Jamus. Bösendorfer na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, wanda ya faro tun 1828, mallakar Yamaha ne tun 2008. Seiler na Jamus ya koma hannun Samick na Koriya ta Kudu a 2008. Baldwin, wanda a da yake cikin manyan sunayen Amurka, a ƙasar Sin ake ƙera shi yanzu. Haka nan cikin kayan: kamfanin Renner na Jamus yana yi wa masana'antu da dama inji da gudumomi, wayar Röslau kuma tana cikin fiyano masu sunaye iri-iri. To wanda ya ce ba ya taɓa na Sin, amma ya karɓi Essex saboda sunan Steinway da ke tare da shi, me ya ƙi, me kuma ya karɓa? A ɗaya gefen kuma, akwai 'yan kasuwa da suke sa a buga musu wani suna mai kama da na Jamusawa a goshin kaya mafi arha, don sun san mai saye suna yake dubawa. Mai gyaran da yake hukunci da suna, tarkon da aka ɗana wa mai saye shi ma yana kama shi.

Rainin nan ma ba sabo ba ne, wuri kawai yake canzawa. Torakusu Yamaha da gyaran wata ƙaramar ogan ta makaranta ya fara a garin Hamamatsu a 1887, kamfaninsa kuma ya fitar da fiyanonsa na farko a 1900. Koichi Kawai a wurinsa ya koyi aiki kafin ya kafa nasa a 1927. Lokacin da kayan Japan suka fara shiga kasuwar Amurka da yawa a shekarun 1960, masu gyara da dama sun yi musu irin kallon da maigidanka yake yi wa na Sin. Amma Sviatoslav Richter, ɗaya daga cikin manyan makaɗan fiyano na ƙarni na 20, Yamaha ya zaɓa a shekarunsa na baya, kuma a 2010 Yulianna Avdeeva ta lashe gasar fiyano ta Chopin a birnin Warsaw a kan Yamaha. Bayan Japan sai rainin ya koma kan na Koriya, yanzu kuma yana kan na Sin. Babban suna kuma bai hana kuskure ba: daga farkon shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1980 masana'antar Steinway ta New York ta sa robar teflon a mahaɗan injinta maimakon ulu, sai ya zamana katako yana kumbura yana tsukewa da sauyin yanayi robar kuwa ba ta bin sa, mahaɗan suka riƙa ƙara ko cijewa, har kamfanin ya koma ga ulu. Wanda ya karɓi irin wannan kaya ido rufe saboda sunansa zai sha wahalar da ba zai sha a kan sabon fiyanon Sin mai matsakaicin kuɗi ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ka kai kanka. Hannu ba ya ƙwarewa a kan kaya mai sauƙi kaɗai. Fiyano mai gardama shi ne yake koya maka yadda ake zaunar da ƙusa, yadda ake daidaita maɓallai 88 su zama tsayi ɗaya da zurfi ɗaya, yadda ake sassauta ulun guduma da allura idan muryarsa ta yi kaifi. Yawancin sababbin fiyano masu arha ba lalatattu ba ne, ba a gama shirya su ba ne kafin su bar kanti, kuma yini ɗaya na daidaita inji yakan sauya su har mai su ya yi mamaki. Sannan ka tuna su wa suke da su. Malamin makaranta ne, ma'aikaci ne da ya tara albashi ya saya wa 'yarsa, ƙaramar cibiyar koyarwa ce a unguwa. Abin yana ci mini rai idan na ji an bar irin waɗannan mutane ba mai duba musu kaya, domin daga gidajensu ne masu kiɗan gobe za su fito.

Ba ina cewa ka karɓi kowane aiki ba ne. Ka ƙi wanda firam ɗinsa ya tsage, ka ƙi wanda ƙusoshinsa suka saki, ka ƙi wanda kuɗin gyaransa ya ninka darajarsa sai fa idan mai shi ya san haka kuma ya ce gadon mahaifi ne yana so a raya masa. Ka ƙi wanda ya fi ƙarfin saninka a yanzu, ka tura shi wurin maigidanka. Idan aikin mai cin lokaci ne, kamar gajerun fiyanon Amurka da injinsu yake can ƙasa da maɓallai, ka faɗi kuɗin da ya dace da wahalarsa tun kafin ka fara. Amma duk wanda za ka ƙi, ka buɗe shi tukuna, ka nuna wa mai shi wurin da yatsanka, kuma kada ka kushe masa abin da ya saya a gaban iyalinsa.

Tambaya: Malam, zan sayi fiyanon Japan na hannu, wanda aka shigo da shi bayan an yi amfani da shi a can. Mai gyaran da na tuntuɓa ya ce sunan kamfanin mai kyau ne, amma shi ba ya ɗaukar alhakin irin waɗannan a Riyad. Yaya kaya zai zama mai kyau kuma a guje shi? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, wannan mai gyara ya san aikinsa, kuma maganarsa ba ta saɓa wa kanta ba. Katako yana shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma fiyano ya fi zama lafiya inda danshin ɗaki yake tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100. Japan ƙasa ce mai danshi, musamman a lokacin zafi. Riyad kuwa da bazara danshinta yakan sauka ƙasa da kashi 15, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ƙara busar da iskar. Kamfanin Yamaha da kansa yana bayyana cewa yana busar da katako gwargwadon kasuwar da za a kai kayan. Fiyanon da ya yi shekara ashirin ko talatin a gidan Japan, idan aka kawo shi Najad, yankin da Riyad take, yana iya yin lafiya a watannin farko, daga baya ƙusoshi su saki, allon amo, wato katakon da yake ƙara wa wayoyi murya, ya tsage, gam ya bari. Ba duka suke yin haka ba, da yawa suna zama lafiya, kuma a Jidda ko Dammam haɗarin bushewar ya ragu, sai dai a yi fama da tsatsa. Amma mai gyara ya san idan abin ya faru shi za a fara zargi.

Kafin ka biya, ka ɗauki mai gyaran da ba shi da alaƙa da mai sayarwa ya gwada ƙusoshin, ka duba lambar ƙira don sanin ainihin shekarunsa, ka tambayi tsawon zaman da ya yi a ƙasar nan. Wanda ya wuce bazara biyu a Riyad bai motsa ba ya fi wanda aka sauke jiya kwanciyar hankali. Ka nemi garanti a rubuce. In ka kawo shi gida, ka nisanta shi da taga da bakin na'urar sanyi, ka sa na'urar ƙara danshi a ɗakin tare da ƙaramin ma'auni, ka bar shi makonni kaɗan ya saba da wurin kafin a saita shi, sannan a riƙa saita shi aƙalla sau biyu a shekara.

Tambaya: Fiyanona na lantarki ne, wasu maɓallansa sun daina amsawa, amma mai saitin da yake zuwa makarantarmu ya ce ba aikinsa ba ne, ko da yake sunan kamfanin ɗaya ne da na fiyanon da yake gyara mana. Daga wata ɗaliba a Madina.

Amsa: 'Yata, gaskiya ya faɗa miki. Na lantarki ba shi da waya ba shi da allon amo, saboda haka ba a saita shi. Sautin da kike ji an naɗe shi ne a cikin na'ura. Maɓallan da suka daina amsawa galibi ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar da take isar da saƙo, ko robar ta cinye, kuma wannan aikin mai gyaran kayan lantarki ne. Ki rubuta lambar samfurin da ke jikinsa, ki kai wa wakilin kamfanin ko wanda ya saba da irinsa, kuma kada ki fesa masa ruwa ko mai ta tsakanin maɓallai kafin a duba shi.